Kafaɗata da ƙullin raƙumi

Uwata, Allah ya ji ƙanta, takan ce ranar da aka haife ni ungozoma ta ɗaga ni sama, ta jujjuya ni, ta ce a riƙa goya yaron nan da majanyi biyu, in ba haka ba zai zube a hanya. Ban san ko haka aka yi ba, amma jikina bai taɓa ƙaryata ta ba. Tun ina ƙarami nakan lanƙwasa babban yatsana har ya kwanta a kan tsintsiyar hannu. Gwiwar hannuna tana wuce inda ta kowa ke tsayawa, ta leƙa baya. Babu wani lungu a gadon bayana da zan roƙi wani ya sosa mini. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta daɗe da ni ba, ni ma ban daɗe da ita ba, kuma abin da na fi kowa iyawa a ajinmu shi ne rataya ƙafa a wuya duk lokacin da malam ya juya yana rubutu a allo. Ranar da ya waiwayo da wuri, ranar karatuna ya kusa ƙarewa.

Na girma na shiga dillancin bisashe a kasuwarmu ta Dakoro, ta nan na ci na sha, na yi aure, na aurar. Duk shekarun nan sakin gaɓoɓina abin dariya ne kawai, abin nuna wa baƙi in ciniki ya yi sanyi. Sai wata rana wani bijimi da nake riƙe da igiyarsa ya ga abin da ya ba shi tsoro, ya fizge, kafaɗata ta dama ta bi shi. Aka mayar da ita. To amma ta riga ta ga hanya, kuma abin da ya ga hanya ba a tsare shi da roƙo.

Abin mamakin, da rana ba ta fita. Da rana ina da hankali, ina kiwonta kamar akuya mai ɓarna: ban ɗaga buhu sama da kai, ban miƙa hannu baya in ɗauko abu a mota. Sai na yi barci. Ni kuwa barcina na rashin kunya ne, nakan wurga hannu sama da kai kamar mai tsaida mota a bakin hanya, in mirgina a kansa. Sai in farka in ji wuta daga wuya har yatsu, hannun yana kwance gefe kamar na wani baƙo da ya manta da shi a shimfiɗata. In ka shafa wurin sai ka ji rami inda ya kamata ka ji tudu. Gumi ya karyo, numfashi ma sai ka yi shi da lallami.

Babu irin maganin da ban gani ba. Wani maɗori ya jera mini karare, ya naɗe ni tsam, ya yi tofi, na yi ta yawo kamar zana, alhali babu abin da ya karye. Tsofaffin unguwa suka ce dannau ne ke jan hannuna don ina kwana kusa da bakin ƙofa. Na janye shimfiɗa zuwa ƙurya, dannau ya bi ni har can. Daga ƙarshe na je gidan likita, aka ɗauki hoton ƙashin, majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya zaunar da ni ya lanƙwasa yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

Ya ce, "Baba, jijiyoyinka ne sunka yi tsawo, kamar igiyar guga da ta daɗe tana shiga rijiya. Ba mu iya rage masu tsawo. Amma naman da ke kewaye da kafaɗar, shi ana iya ƙarfafa shi."

Ya sa na nemo tsohuwar robar cikin tayar moto, ya nuna mini yadda zan ɗaura ta a gimshiƙi in riƙa ja a hankali, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Wannan kam na riƙe shi, kullum bayan sallar asuba ina jan robata a gimshiƙin rumfa, kuma ta rage mini fitar sosai. Ya kuma koya mini yadda zan mayar da ita da kaina: in zauna a ƙasa, in naɗe gwiwar ƙafa ta gefen da ya goce, a haɗa hannuwana biyu a ɗaure su a gaban gwiwar, in jingina baya sannu sannu, in saki kafaɗar ta bi nauyin jikina. Ya ce kada in kuskura in bar wani ƙato ya sa ƙafa a hammatata ya ja. In kuma ta ƙi komawa, ko yatsu suka mutu, in taho wurinsu ba jinkiri.

Na ce na ji. Amma wancan zaman na gwiwa ban taɓa gwada shi ba ko sau ɗaya, domin ina da mata.

Ita kafin in buɗe baki ta riga ta farka. Ba salati mai ƙarfi, ba kiran maƙwabta. Sai ta zauna gefena, ta manna gwiwar hannuna da jikina, ta kama tsintsiyar hannun, ta fara juya shi waje kaɗan kaɗan kamar mai murza zare a cinya. Tana yi tana ba ni labarin unguwa: wadda ta yi yaji saboda tukunya, wanda aka gani yana rina gemu a ɓoye. Ni kuwa Allah ya yi ni da son gulma. Da na miƙa kunne, naman kafaɗar sai ya manta da faɗan da yake yi ya saki, sai ka ji ƙwas, ta koma gida. Ta ja mayafinta ta juya mini baya, ta ce, "Saura labarin sai ta sake fita."

Haka muka yi shekaru. Ƴaƴanmu maza sun tafi neman abinci arewa, matan suna ɗakunansu, gidan ya rage daga ni sai ita sai awaki.

Ana cikin kakar wake sai autarmu, wadda ke aure a Sabon Maci, ta haihu. Haihuwar ta zo da wahala, ta zubar da jini da yawa. Uwar mijinta, wadda ta yi mata wankan jegon ƴaƴanta na farko, ta rasu bara waccan. Mijin yana gona daga safe zuwa yamma yana tseren kwashe wake kafin bisashe su sauko. Gidan babu wata babbar mace. Wankan jego kuwa kowa ya san ba wasa ba ne: kwana arba'in ana hura wuta safe da yamma, a tafasa ruwa da ganye a babbar tukunya, a sauke, a yi wa mai jego wanka, a dama mata kunun kanwa. In babu mai yi mata, ita za ta faskara itacen, ita za ta ɗaga tukunyar da ɗanyen jikinta. Da muka yi magana ta salula, muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Na ga uwarta tana ɗaure ƙunshi ɗan ƙarami. Na ce, "Wannan kayan kwana nawa ne?"

Ta ce, "Malam, suna za ni. In anka yi in kwana biyu in dawo."

"Wankan fa? Wa zai dafa mata ruwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai wa zai maida maka kafaɗa?"

Na yi dariya irin ta dillali da aka kama shi da ramammiyar akuya. Na ce, "Haba tsohuwa, ni da na kada bijimai? Ki tahi ki yi arba'in ɗinki cif, ko atishawa ba za ki ji na yi ba."

"Bijimin ne ya kada ka. Ina nan anka kawo ka."

Ta ƙara da cewa in har ta bar ni, kafaɗar ta fita ba kowa kusa, na kwana ina nishi har gari ya waye, ba za ta yafe wa kanta ba. In kuwa ta zauna, yarinyar ta lalace, nan ma haka. Sai na ga idonta ya cika. A nan na daina dariya, na san magana ta koma kaina. In ban samo yadda zan kwana lafiya ni kaɗai ba, ɗiyata ce za ta ɗauki tukunyar ruwan zafi.

Na tafi wurin taubashina, ɗan ƙanwar ubana. Ubansa mutumin arewa ne, shi ma ya gaji raƙuma, gidansa yana bayan namu kaɗan. Tun muna yara shi yana kirana mara ƙashi, ni ina kiransa mai warin taguwa. Ya saurare ni yana tsiyaya shayi, ya ce, "Kai mara ƙashi, wannan ai ba ciwo ba ne, yawon dare ne. Dabbar da ke yawon dare me ake yi mata?"

"Dabaibayi."

"To shi ke nan. Kawo rawaninka."

Ya biyo ni gida da dabarunsa na daji. Ya ɗaga tabarmata, ya tona ɗan rami a rairayin da ke ƙasa, daidai inda kafaɗar hagu za ta sauka, irin wanda makiyaya ke tonawa in za su kwana a fili don kada ƙashi ya danne. Ya jawo buhun dusa ya ajiye a bayana don kada in mirgina. Ya cusa mini ɗan matashi a hammata. Sannan ya naɗe hannun dama da ƙirjina da rawani, ya ƙulla a gaba.

Uwargida ta ce ba ta yarda da maganin da ba a gwada ba. Saboda haka bayan azahar aka kwantar da ni a rumfa in yi ƙailula, ita tana zaune a kan turmi tana tsince wake, shi yana gefe yana kora mini ƙuda da baƙar magana. Na yi barci abina. Da na farka sai na tarar rawanin yana gefe, hannuna yana sama da kai yana tsaida mota.

Ta ce, "Na gani da idona. Hannun nan naka na hagu ne ya lallaɓo ya kwance, kana ta minshari. Ko a barci ba ka bar wayo ba."

Taubashina ya ce raƙumi ma yakan kwance dabaibayi da haƙora in ka sa ƙullin inda bakinsa ke kaiwa. Washegari ya mayar da ƙullin tsakiyar gadon bayana, kuma ya yi shi irin nasu, wanda in ka ja shi sai ya ƙara cijewa, sai wanda ya san kan igiyar ke iya warware shi. Na yi ƙailula, na tashi a ɗaure kamar yadda na kwanta. Aka sake gwadawa da dare, haka nan. Na tambayi liman zancen kwanciya a gefen hagu, ya ce mai lalura ba ya da laifi. Muka shirya: taubashina zai riƙa zuwa bayan lisha ya ɗaure ni, ya dawo kafin asuba ya kwance ni mu wuce masallaci tare.

Ta kwance ƙaramin ƙunshin ta ɗaure babba. A tasha ta dubi taubashina ta ce, "Amana na ba ka." Ya ce, "Hajiya, raƙumin da ya fi shi hankali ma na tsare."

Kwanakin farko na ji daɗin barci irin wanda na manta da shi. Kullum ta kira, in ce mata, "Kafaɗa tana gaishe ki." Ita kuma ta ce yarinya ta fara cin abinci, ta fara zama da kanta. Na shiga yi wa abokan kasuwa alfahari cewa na gano abin da likitocin Maradi ba su gano ba.

Sai wata asuba ladan ya yi kiran farko, ban ji tafiyar taubashina ba. Na jira. Aka yi na biyu, shiru. Daga baya na ji dalili: wata taguwarsa ce ta zame dabaibayinta ta nufi wajen Rumbu, ya tashi cikin duhu ya bi sawunta, ya manta da ni sarai. Ƙullinsa bai riƙe taguwa ba, ni ya riƙe.

Mai hankali da sai ya tashi ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci. Ni kuwa na ce a raina, ni da ba a taɓa sosa mini baya ba, ƙulli ne zai gagare ni? Na zauna na zura hannun hagu ta ƙasa, yatsuna suka taɓa shi. Na ja, ya cije. Na sake ja, ya ƙara cijewa, har numfashina ya ragu. Na ce to bari in bi ta sama. Na ɗaga hannun, na karya shi ta bayan wuya, na miƙa, na ƙara miƙawa, na ɗan murɗa jiki.

Ƙwas.

Kafaɗar hagu, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba tun da aka haife ni, ta fita.

Na daɗe zaune ina kallon bango. Dama a ɗaure, hagu a rataye, salula tana can kan taga tana kallona. Ciwon ya hau mini har haƙora. Na durƙusa, na dafa bango da goshi na miƙe, na ture ƙyauren da ƙafa na fita, ba hula ba takalmi.

A kusurwar layinmu akwai wata mai koko, bazawara, mai bakin da ya fi kokonta zafi. Gari ya fara haske, tana hura wuta. Ta ɗago ta ga tsoho an naɗe shi da rawani, hannu ɗaya yana lilo, fuska duk gumi. Ta saki ludayi ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo jama'a! Ɓarayi! Sun ɗaure Baba sun karya shi!"

Na ce, "Ke, tsaya, ba haka…" Ina! Mutanen da ke fitowa masallaci suka yo kaina. Wani ya ruga gidana da sanda yana neman ɓarayin a ɗakin awaki. Wani yana cewa a kira jandarma. Wasu matafiya da ke jiran motar farko mai zuwa Maradi suka tsaya suka ƙare mini kallo suna salati, mota ta yi ƙaho suka wuce. Sai da na daka tsawa da sauran ƙarfina, na ce, "Ba wanda ya ɗaure ni sai ɗan'uwana, kuma ni na roƙe shi!" Nan aka koma kallona kallon da ya fi na farko muni.

Mahaucin unguwa, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya zaro wuƙa zai yanke rawanin. Na ce kada ya taɓa mini rawani, ya nemi kan ƙullin. Da tsinken tsire ya tone shi da ƙyar. Hannun dama ya sauko lafiya lau. Sai na ga mahaucin ya tuɓe takalmi yana naɗe ƙafar wando.

Na ce, "Me za ka yi?"

"Kwanta Baba, in sa ƙafa a hammata in fizga sau guda. Haka muke yi wa ƴan kokawa."

"Ka je ka fizgi cinyar sa. Wannan hannun ina sonsa."

Na zame na zauna a rairayi, na naɗe gwiwar hagu. Gaskiya abin da majo ya nuna mini a baki kawai na san shi. Amma ga jama'a sun kewaye ni, ga kuma abin da na sani: in na kasa yau, gobe tsohuwa tana cikin mota. Na tallabo hannun hagu da na dama na kawo shi gaban gwiwa. Na ce wa mahauci ya haɗa tsintsiyoyin hannuwana ya ɗaure da rawanin, ƙullin mutane, ba na raƙumi ba. Na jingina baya kaɗan. Wuta ta tashi. Naman kafaɗar ya ƙanƙame kamar mai rowa, ya ƙi saki.

Na ce wa mai koko, "Ke, ba ni labari."

"Wane labari kuma Baba, kana wannan hali?"

"Na unguwa. Wanda ba a faɗa gaban maza."

Ta dubi jama'a, ta dubi mahauci, ta gyara ɗaurin zane. Ta ce, "To ai ba nisa. Shekaranjiya wani mai wuƙa, ba zan faɗi suna ba, ya kai wa wata ƴar tasha hanta har gida. Matarsa ta ji. Da ya dawo ta tare shi da muciya, ya haura katanga, katangar ta bi shi. Wanda bai yarda ba ya je ya dubi bayan gidansu, ginin sabo ne."

Mahauci ya ce, "Ƙarya kike! Ruwa ne ya ci ta!"

"Ruwa a kaka? To ruwan ne ya fasa maka goshi?"

Wurin ya ɓarke da dariya. Ni ma ta kama ni, kaina ya tafi baya, jikina ya bi shi, na manta da abin da nake tsaro. Sai na ji wani abu ya sulale a hankali kamar ƙwai cikin ruwa, ya zauna a wurinsa. Wutar ta mutu nan take, saura ɗan raɗaɗi. Na motsa yatsu, duk suna ji. Na ce, "Ku kwance ni, an gama." Wani tsoho ya ce tun da yake bai taɓa ganin maɗorin da ya ɗora kansa ba. Na ce yau ya gani, kuma ba a biyan kallo.

Na yi sallata a makare, na sha koko, na wuce gidan likita don majo ya duba. Ya latsa nan ya latsa can, ya ce ta koma daidai. Da na ba shi labarin ƙullin sai da ya dafa tebur. Ya ce dabarar rami da buhu da matashi duk su ci gaba, amma kada in sake kwana da ɗaurin da ba zan iya kwance shi da kaina ba. Ya rataya mini hannun hagu a wuya na ɗan lokaci, ya ce in ya huce shi ma ya shiga jan roba. Daga nan na biya wurin tela, na sa ya ɗinka mini ɗamara mai faɗi da madauki biyu a gaba inda zan zura tsintsiyoyin hannu, da maɗaurin ƙarfe irin na soja a kan cibiya. Mai ido biyu yana buɗe shi da yatsa biyu, mai barci kuwa sai dai ya shafa ya haƙura.

Ina can ina wannan hidima, ashe labari ya riga ni nisa. Matafiyan nan da suka ga farkon abin ba su ga ƙarshensa ba, a Sabon Maci wata daga cikinsu ta sauka. Kafin rana ta take, tsohuwa ta ji cewa ɓarayi sun shiga gidanta, sun ɗaure mijinta, sun karya masa hannu biyu, sun kora awaki. Ta yi ta kira, salula tana kan taga. Da na dawo gida na tarar tana ruri, na ɗauka.

"Malam! Kana da rai?"

"Ina da shi, har da koko a ciki."

"Kar ka yi mini wasa. Ina bakin hanya, ga mota ta tsaya, yanzu zan shiga."

A bayanta ina jin muryar ɗiyata, ashe ta biyo ta har bakin hanya da jaririya a hannu, tana cewa, "Inna ki tahi, ni zan iya, wallahi zan iya." Muryar ta fi ta kwanan baya ƙarfi, amma ba muryar mai ɗaga tukunya ba ce.

Na san in na ce ba abin da ya faru, ba za ta yarda ba, domin ta san ni. Sai na zayyana mata duka, tun daga taguwa har tela. Na ce ba ɓarawo, awakinta suna nan suna cin dusar buhuna. Na ce ba dama ce ta fita ba, hagu ce, kuma ni na fitar da ita da hannuna.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Hagun ma? Na bar ka da ciwo ɗaya ka maida shi biyu."

"Na maida shi biyu, na kuma maida ta wurinta."

"Wa ya maida?"

"Ni."

"Kai wa?"

"Ni mijinki. A zaune, a bakin layi, gaban mutanen masallaci. Majo ya duba ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Ki tambayi mai koko, kin san ita ba ta rufa wa kowa asiri."

"Ba ka yi ihu ba?"

"Na yi, amma na manya."

Na ji ta ja numfashi, irin wanda take ja in tana son yin dariya ba ta so a gani. Ta ce, "In ta sake fita cikin dare fa, ba mutanen masallaci?"

Na ce, "Gwiwata tana tare da ni duk inda na kwana. Na san hanyar yanzu. In ta ƙi, gidan likita ba ya gudu. Ke dai ki dubi wadda ke tsaye bayanki, ki gaya mini wa ya fi buƙatar hannunki."

Sai na ji tana cewa, "Ke, wa ya ce ki fito cikin iskan ga da ɗanyen jiki? Rufe mata kai." Direba ya danna ƙaho, ya ɗaga murya: "Hajiya, za ki ko ba za ki ba?"

Ta ce, "Ku tahi. Na bar ruwa a kan wuta."

Ta zauna har aka yi arba'in.